Benis da tafkinta: a daina ɗora wa teku laifi shi kaɗai

Duk lokacin da hoton birnin Benis na ƙasar Italiya ya zagayo a Facebook, ruwa ya shanye dandalin San Marko, mutane na tafiya a kan katakai da takalman roba, sai ka ga an yi ca: sauyin yanayi ne! To, akwai wannan. Amma ni ina ganin hannun mutum ya fi fitowa fili.

Tafkin da birnin ke zaune a ciki, wanda ke haɗe da teku, ya kai murabba'in kilomita 550, amma galibinsa zurfin bai wuce mita ɗaya ba. Idan teku ya janye, wani wurin taɓo ne fal, tsuntsaye na kiwo a kai. Shi ya sa za ka ga turakun itace an kakkafa su uku-uku a jere, su ke nuna wa mai jirgi hanya. Ya kauce musu, ya kafe. Wannan rashin zurfin shi ne ganuwar garin, jiragen abokan gaba ba su san hanya ba. Gidajen ma a kan itatuwan da aka buga cikin laka aka ɗora su.

Mutanen zamanin da sun san darajar abin. Da suka ga kogunan Brenta da Piave na kwararo yashi za su cike tafkin, sai suka karkatar da su. Jikokinsu kuwa fa? A shekarun 1960 aka haƙa hanya mai zurfi daga mashigar Malamocco zuwa yankin masana'antu na Marghera don jiragen dakon mai, masana'antu kuma suka yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har garin ya ƙara nutsewa. Ka faɗaɗa wa ruwa ƙofa, sannan ka yi mamakin ya shigo? Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwan ya hau santimita 194, a 2019 ya kai 187.

Yanzu akwai MOSE, ƙyamare 78 da ake ɗagawa a toshe mashigai uku, tun 2020 suke aiki. Madalla. Sai dai tafkin da ba ya musayar ruwa da teku ruɓewa zai yi, don cikowa da janyewar nan ita ke wanke magudanan garin.

Su kansu 'yan garin ƙaura suke ta yi. A 1951 mazauna tsohon garin sun kusa 175,000, yau ba su kai 50,000 ba, gidajen sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido.