Wanda ya haɗa tafiya bai kamata ya dawo da bashi ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin haɗa wa dangi ko abokai tafiyar hutu ya san cewa neman masauki da tikitin jirgi ƙaramin aiki ne. Babban aikin shi ne a sa mutane su faɗi nawa za su iya bayarwa, kuma su bayar kafin lokaci ya ƙure. A nan Ingila inda nake zaune na ga yadda abokan aikina Turawa suke yi, na kuma ga yadda mu Hausawan da ke nan muke yi idan muka ce za mu fita da iyalanmu. Akwai abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsu, akwai kuma wanda ba na so mu ɗauka.

Su tun watan Janairu suke fara maganar hutun Agusta, kuma dole ce ta sa. Mai aikin kwana biyar a mako doka ta ba shi hutun kwana 28 a shekara, sai ya nemi ranakunsa da wuri kafin abokin aiki ya riga shi. Dogon hutun yara kusan mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Idan ka cire yaro daga makaranta ana tsakiyar karatu don tafiya, tun Agustan 2024 tarar fam 80 ce a kan kowane mahaifi saboda kowane yaro, ta koma 160 idan kwana 21 suka wuce ba a biya ba. Shi ya sa kowa ke rububin makonni guda, manyan gidajen da za su ɗauki iyalai huɗu ko biyar kuma su ne ke fara ƙarewa.

Wannan dokar ta hau kanmu mu ma, amma dubi yadda namu yake tafiya. Wani bawan Allah zai tura hoton gida a zauren WhatsApp, ɗaki shida, ga fili na yara. Nan da nan amsa ta cika: "Masha Allah, muna ciki," "Allah ya kai mu." Ba wanda ya tambayi kuɗi, shi ma nauyin baki ya hana shi faɗa. Sai ya sa katinsa ya biya kafin alƙalami, don kada gidan ya kuɓuce. Saura mako biyu, iyali ɗaya su ce uzuri ya taso, alhali wa'adin da mai gida ya sa na mayar da kuɗi ya wuce. A dawo daga hutu, kowa yana yaba tafiya, shi kuwa yana rubuta saƙo yana gogewa: "Yaya, don Allah, batun nan namu..." Na ga zumunci ya yi sanyi a kan irin wannan, kuma yana yi mini ciwo, domin babu mugu a cikinsu. Kunya ce kawai aka sa inda ba muhallinta ba.

Baturiyar da ke haɗa tasu tafiyar a saƙon farko take rubuta jimillar kuɗi, da kason kowa, da ranar ƙarshe ta turowa, da abin da zai faru idan mutum ya fasa. Wanda bai turo ba, ba a ƙirga shi. Wasunmu na ganin wannan rashin kara ne. Ni a ganina adalci ne ga wanda ya ɗauki wahalar, kuma yana ba marar hali damar janyewa tun ba a yi nisa ba.

Idan tafiyar ta ƙetare ce, tambayar farko ita ce wane fasfo kowa ke riƙe da shi. Takardar zama a Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa ko Sifaniya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Schengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 ga babba tun Yunin 2024. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45, fasfon kuma dole ya rage wata uku bayan ranar dawowa. Idan rabin mutanen ne ke buƙatar biza, gara a nufi wani wuri a cikin Birtaniya, kamar Lake District ko Wales, kowa ya samu zuwa.

Sai batun ƙarin baƙi. Mu ba mu iya ce wa mutum babu wuri ba, amma gidan haya yana da adadin da aka amince, Airbnb kuma, kamfanin hayar gidaje ta intanet, tun 2020 ya haramta shagali a gidajen da ke ƙarƙashinsa. Idan ɗan'uwa ya iso da surukinsa ba sanarwa, sunan mai haɗa tafiya ne a takarda, shi mai gida zai kira.

Inda na rabu da Turawan shi ne lissafin ƙwandala. Suna da manhaja irin Splitwise, kowa ya shigar da abin da ya kashe, ta raba daidai wa daida. Tana hana rigima, na yarda. Amma rabon daidai yana nufin ɗalibin da ke cikinmu, ko 'yar'uwar da ke riƙe da yara uku ita kaɗai, za su ce "bana ba za mu samu dama ba," kowa kuma ya san dalili. A nan halinmu na rufin asiri ya fi. Mai haɗa tafiya ya kira masu hali biyu ko uku a gefe, su ƙara a kan kasonsu, a sanar da marar halin abin da zai bayar ba tare da zaure ya ji ba. Sharaɗin dai a yi shi tun farko, da yardar masu ƙarawa, kada a bari giɓin ya faɗa kan mutum ɗaya a ƙarshe.

Aikin gida ma a raba shi kafin a tashi. Sau da yawa maza suna falo suna hira, mata suna tsaye a kicin daga safe har dare, a dawo su ne suka fi kowa gajiya alhali an cire kasonsu kamar na kowa. A rubuta wanda zai yi girki Litinin, wanda zai wanke kwanuka, wanda zai fita da yara, a sa sunayen maza a ciki, a manna takardar a jikin firij tun daren farko.