Kawu ya tafi da filash ɗina, wai ni zan jawo mana aljanu

To, masu damuna da tambayar yadda muka ƙare da Kawu, wanda ya ƙwace min filash ɗin da nake ajiye finafinan tsoro a ciki a lokacin kullen korona na 2020 a Kano, ga amsarku: bai dawo da filash ɗin ba, kuma ya ce ba zan sake ganinsa ba sai ranar da na yi hankali. Shekarata talatin da huɗu. 'Ya'yan mutane nake koya wa lissafi. Amma yanzu haka hankalina yana can cikin aljihun Kawu, tare da goro da carbi.

Don Allah ku duba min lamarin nan. Mutum ya taso tun daga Kurna a ranar da aka ɗaga ƙafa a dokar kulle, ya ratso kasuwa babu takunkumi a fuskarsa, duk wanda ya gani sai ya ba shi hannu. Ya shigo gidan da akwai tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini, wato Hajiya mahaifiyata, ya zauna dab da ita yana tari, wai murar shigowar damina ce. Na kawo masa ruwa da sabulu, ya ce shi da alwalarsa. Duk wannan a wurinsa lafiya lau ne. Abin da ya tayar masa da hankali a gidan nan shi ne wata 'yar Koriya da aka shafa wa jan fenti a baki tana bin mutane da gudu a cikin talabijin.

Ya ce, "Kai yanzu ana cikin wannan musiba, kowa na komawa ga Allah, kai kuma ka tara yara kana nuna musu matattu suna tafiya? Zuciyarka ta bushe ne? Ai haka ake kiran aljanu gida."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wasan kwaikwayo ne."

Ya ce, "Ita ma koronar taku ai wasan kwaikwayon ce, amma kuka rufe mana masallatai."

Kun ji fa. Ni na rufe masallatai. Yaran da yake magana kuwa ƙannena ne, ƙaramin cikinsu gemu ya fara fito masa. Kuma da rana tsaka muke kallon, don a lokacin ne kawai aka kawo wuta.

Ban ja da shi ba, don ba a yi min tarbiyyar musu da ƙanin mahaifiya ba. Amma a nan zan faɗi abin da na haɗiye: tsoron fim yana da ƙurunƙus. Shi ke nan maganata, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji.

Wa ya fara tsorata mu a duniya? Kakarmu, mahaifiyar shi Kawun. Bayan isha'i za ta shimfiɗa tabarma ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, sai ta kawo Dodo ya haɗiye yarinya ɗungurungum da tulunta. Ta iya muryar Dodon nan har sai ka ji fitsari ya matse ka amma ka kasa zuwa bayan gida kai kaɗai. To amma duk daren duniya akwai inda za ta ce ƙurunƙus kan kusu, ta karkaɗe zaninta, Dodo ya koma inda ya fito, mu kwanta mu yi barci har da minshari. Ba wanda ya taɓa cewa tsohuwar nan tana kiran aljanu. Abin da ta yi mana da baki shi 'yan Koriya suke yi da kyamara. Awa biyu, a rubuta sunaye, ka kashe ka tashi. Idan abin ya yi maka yawa ka danna rimot ka je ka sha ruwa, dodon zai tsaya cak ya jira ka.

Ku nuna min rimot ɗin abin da muka gani a watan Afrilun 2020.

Ranar 11 ga wata aka ce an samu mutum na farko mai korona a Kano. Daren 16 aka rufe gari, wai na mako ɗaya. Ranar 27 shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ƙara mana mako biyu, daga nan kuma sai ƙari kan ƙari, har muka nemi wata biyu a kulle. Wanda ya san gidanmu ya san ba mu da nisa da maƙabartar Dandolo a Goron Dutse. A da idan makara ta wuce ta layinmu sai ka ga jama'a har ƙarshen lungu. A makonnin kullen kuwa sai ka ga mutum bakwai, takwas, suna sauri kamar masu gudun ruwan sama, ba mai magana. Kafin ka gama yi wa wannan addu'a wata ta sawo kai. Akwai ranar da na zauna a soro daga hantsi zuwa la'asar ina ƙirgawa, daga baya na daina don na ga ƙirgen ba ya ƙara min komai sai ciwon kai. Ka buɗe rediyo, sanarwar rasuwa. Ka buɗe WhatsApp, innalillahi. Farfesoshi, tsofaffin ma'aikata, dattawan unguwa, har Sarkin Rano. Aka ce mana zazzaɓin cizon sauro ne da hawan jini da suga da sanƙarau. Sai a watan Yunin 2020 ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya fito ya ce mutum 979 aka lissafa sun rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce. Mu da muke bakin hanyar maƙabarta ba mu jira minista ba.

A cikin wannan hali Hajiya ta kwanta da zazzaɓi da tari. Na kira wani asibitin kuɗi da muka saba zuwa, aka ce kada mu kawo ta in dai akwai tari. Kwana uku ban san barci ba. Ƙarfe biyun dare zan taso ba takalmi, in tsaya a bakin labulenta ina kasa kunne. Gari shiru, ba janareto, ba mota, ko karnukan unguwa sun yi tsit. Idan na ji ta ja numfashi sai in jira na gaba. Tsakanin numfashi ɗaya da na biyu, wallahi babu wani mai shirya fim a Amurka ko Koriya da ya taɓa haɗa abin da ya kai wannan. Allah Ya taimake mu ta warware, har ta koma yi min faɗan aure. Amma wannan tsoron ba a rubuta sunaye a ƙarshensa ba. Har yau in ta yi gyaran murya sai gabana ya faɗi. Sai kuma ga Kawu da tarinsa.

Ga kuma ɗaya dodon da ba a nunawa a jadawalin masu korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa kowane dare a lokacin, wanda muke jira kamar sakamakon ƙwallo. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris rabona da albashi. Mai makarantarmu ya ce iyaye ba su biya ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Ni ma ke nan mai ɗan abin da na ajiye. Maƙwabcinmu mai shayi ne, irin mutanen da sai sun fita ake ɗora tukunya. Ana tsakiyar azumi, bayan an sha ruwa, matarsa ta leƙo ta tsaya a zaure ta kasa shigowa. Hajiya ce ta gane, ta auna mata gari a kwano ta rufa da faifai don kada yara su gani. Tallafin da ake ta faɗa a rediyo kuwa, a layinmu dai labarinsa muka ci. Da aka ce an ɗaga ƙafa Litinin da Alhamis daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, na je sayen kayan miya, na ga yadda mutane ke turereniya a kan tumatir, kowa ido ja, wani na taka wani. Da na dawo na kalli fim ɗin zombi, wato matattun nan masu tafiya, sai na ce ashe waɗannan ma suna da layi.

Azumi ba tarawihi a masallaci, ba tashe a lungu, Sallah ba hawa. Hoton Ka'aba babu mai ɗawafi ya fi duk wata fatalwa da na taɓa gani sanya ni tsikar jiki. Mutum yana cikin wannan, ya samu awa biyu da zai ji tsoron abin da ya tabbata ƙarya ne, sai a ce zuciyarsa ta bushe? Zuciyar da ta bushe ai ba ta neman inda za ta huta.

Na san me za ku ce. "Da ka ɗauki Alƙur'ani." Na ɗauka, na sauke a azumi, kuma yini awa ashirin da huɗu ne ga wanda ba ya zuwa ko'ina. "Ɓarnar data." Wace data? Yaron da ke tura finafinai a bakin titi ne ya cika min filash ɗin kwana ɗaya kafin a rufe gari. "Za ka yi mugun mafarki." Mafarkin da nake yi na mai gidan haya ne, shi kuwa ba a fim na san shi ba.

Kuma tunda an taɓo ni, bari in faɗi ra'ayina a kan finafinan su kansu, don ba duka ne suka cancanci a ƙwace wa mutum filash a kansu ba. Na Amurkawa yawancinsu rainin hankali ne. Mutum ya ga ƙaton gida a tsakiyar daji ana sayarwa da arha, bai tambayi dalili ba ya kwashi iyalinsa ya tare. Tsakar dare ya ji motsi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wuta ta ɗauke, sai ya ɗauki 'yar tocila ya sauka shi kaɗai yana tambayar ko akwai wani. Bahaushe ne? Kafin ƙofar ta gama ƙara ya bar musu takalmansa, gobe da safe ya dawo da malamai da tofi. Balle ma gidajenmu, mutum goma sha biyar a ɗaki huɗu, ga dokar kulle ta tara kowa, fatalwa in ta zo ina za ta tsaya? Sai an ce mata ta matsa a shimfiɗa tabarma. Na Indiya kuwa mace ce da farin sari da gashi har gadon baya, kana cikin tsuma sai a ɓarke da waƙa, tsoron ya bi ruwa. Na kudancin ƙasar nan wuta ce ke fita daga ido, a ƙarshe fasto ya zo ya gama da kowa. Namu na gida, Allah Ya ba su haƙuri, da zarar boka ya fito da jan ƙyalle da hoda a fuska yana dariyar nan mai amsa-kuwwa, ƙannena kwanciya suke yi don dariya.

'Yan Koriya ne suka san kan abin. Su sun gane cewa matattun da ke gudu ba su ne masu ban tsoro ba sosai. Mai ban tsoro shi ne mai lafiyar da ya shiga ɗaki ya danna sakata alhali yana jin maƙwabcinsa na buga ƙofa. Da na kalli wannan sai na tuna muryar da ta ce min kada mu kawo Hajiya. Fim ɗin tsoro mai kyau ba ya buƙatar jini bokiti-bokiti. Shiru yake buƙata, da ƙofa a rufe, da jira. Abubuwa ukun da muke da su a wadace tun Afrilu.

Sai kuma 'yan uwana masu yawo da guntun fim ɗin annoba mai suna Contagion na 2011 a waya, wai hujja ce cewa Turawa sun shirya cutar tun tuni. Su kallon fim ya halatta gare su tunda bincike suke yi. Jama'a, mutanen nan masana cututtuka suka tambaya kafin su rubuta labarin. An yi cutar numfashi ta SARS a 2003. Kafin nan an yi wata cuta a Malesiya da ta taso daga jemage ta bi ta alade ta kama mutane. Wanda ya ga hadari ya ce za a yi ruwa ba shi ya haɗa hadarin ba. Amma a'a, an fi son a ce fasahar sadarwar waya ta 5G ce ta kawo cutar.

Zan yi wa Kawu adalci guda ɗaya. Yana nan a garin nan a 1996 lokacin annobar sanƙarau, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara, kuma ya ga abin da ya biyo baya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na fahimci dalilin da ya sa duk abin da hukuma da Bature suka haɗu a kai yake ɗaura masa alamar tambaya. To amma Kawu, ku da kuka je jana'izar abokanku uku a mako guda, su ma wasan kwaikwayo ne? Ku ji tsoron abin da ke cikin tarin nan naku, ku bar 'yar Koriya ta ci abincinta. Ita in an gama za ta wanke fuska ta karɓi kuɗinta ta tafi gida. Nata yana da ƙurunƙus.

Abin haushin ma, ba finafinai kaɗai ne a filash ɗin ba. Akwai tambayoyin jarrabawar zango na biyu da na sha wahalar bugawa, da hotunan bikin ƙanwata. Na roƙi Hajiya ta sa baki, ta ce wane filas, ai na shayin yana nan a kicin. Na haƙura.

Af, wanda ya san mai aski da ke zuwa gida a yankin Goron Dutse ko Gwammaja, mai injin caji, ya yi min magana ta akwati. Ƙanina ya gwada min da almakashin ɗinkin Hajiya shekaranjiya, yanzu ko sallar asuba da hula nake yi a cikin ɗaki.