Ayabar dala miliyan shida ba hujja ba ce a kan masu zane

Ayabar nan ta ƙi ruɓewa. Tun ranar 20 ga Nuwamban 2024 da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita a New York kan dala miliyan 6.2, da wuya wata ya shuɗe wani bai sake turo hotonta a WhatsApp ba: ayaba guda, an manna ta a farin bango da faffaɗan salatif mai ruwan toka. Kowa ya san ragowar labarin, yadda Justin Sun, attajirin harkar kirifto da ya saye ta, ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida a Hong Kong. Cinikin bai dame ni ba, masu kuɗi sun sha yin abin da ya fi haka da dukiyarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ke bin bayan hoton kullum, wai zanen Turawan zamani duk damfara ce, ko ɗan firamare zai yi wanda ya fi shi.

Ran nan a teburin mai shayi wani malamin makaranta da nake ganin girmansa ya miƙo mini wayarsa. Ya goga yatsa daga ayabar zuwa wani zanen Picasso, mace mai ido biyu a gefe ɗaya na fuska, ya ce, “Malam, duba nan. Ai duk kanwar ja ce.” Aka kwashe da dariya. Ni kuwa shayin ya fita daga kaina, domin da kalma biyar aka share aikin shekara ɗari da hamsin.

Da farko dai, ayabar ba zane ba ce. Maurizio Cattelan, ɗan Italiyan da ya ƙirƙiro abin a 2019, bai taɓa buroshi ba, bai dama fenti ba. Abin da mai saye ke karɓa takardar shaida ce da bayanin yadda zai manna sabuwar ayaba idan tsohuwar ta yi baƙi. Tsokana ce ga kasuwar masu tara kayan fasaha, irin wadda Marcel Duchamp ya yi a 1917 da ya aika da mazubin fitsari wurin baje koli, kuma kasuwar ta haɗiye ƙugiyar har da igiya. Kwana ɗaya kafin gwanjon ayabar, a birnin na New York, kamfanin Christie's ya sayar da wani zanen René Magritte kan dala miliyan 121. Gida ne a bakin titi cikin duhun dare, fitila na ci a ƙofarsa, samaniya kuma a bisansa rana ce tarwai da fararen gizagizai. Mutum ya yi ta kallo kafin ya gane abin da ke damun idonsa. Wannan babu wanda ya turo mini shi.

Masu cewa ɗansu zai iya, ma'auninsu ɗaya ne: kama. Zane ya yi kyau idan ya fito kamar hoto. To ai wannan aikin na'ura ta karɓe shi tun 1839, shekarar da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Paris. Daga nan mai zane ya shiga halin da maɗinkin hannu ya shiga ranar da keken ɗinki ya iso gari. Ko ya ci gaba da tsere da ƙarfe, ko ya nemo abin da ƙarfen ba ya iyawa. Duk mazhabobin zanen zamani amsoshi ne daban-daban ga wannan tambaya guda.

Claude Monet da abokansa suka ce abin da ya rage musu haske ne. An riga an fara zuba fenti a kwanson da ake matsawa tun 1841, don haka suka iya barin ɗaki suka fita bakin kogi da gonaki. A 1874 suka baje zanensu da kansu a Paris saboda hukumar baje kolin gwamnati ta saba korarsu. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ga zanen Monet na fitowar rana a tashar jirgin ruwa ta Le Havre, ya ɗauki kalmar farko ta sunan zanen, wato “Impression”, ya yi musu ba'a da ita, sunan 'yan Imfireshon ya bi su har yau. Ka matsa kusa da zanen, sai ka ga ɗigo-ɗigon ruwan lemo a kan shuɗi, babu ko layi ɗaya da ya miƙe. Ka ja da baya taku huɗu, ruwa ya fara motsi. Monet ya zana tarin damin hatsi a gona ɗaya har sau 25, da asuba, da la'asar, cikin ƙanƙara, don ya nuna launin abu yana sauyawa da sa'a. Wane ɗan firamare ne zai yi wannan naci?

Vincent van Gogh ya ɗora launi a kan abin da zuciya ke ji, ya mutu a 1890 yana da shekara 37, ƙaninsa Theo ne ke ciyar da shi. A 1905 Henri Matisse ya shafa wa fuskar matarsa kore a zane, aka kira shi da mutanensa namun daji. Duk sunayen nan da zagi suka fara. Wanda ke yi musu dariya yau bai zo da sabon abu ba, tsohon zagi ne yake maimaitawa.

Sai Picasso, wanda aka fi yi wa ƙazafin bai iya zane ba. Ubansa malamin zane ne. Yana ɗan shekara 15 ya zana wata mara lafiya a kan gado, likita na riƙe da hannunta yana duba agogo, zanen da idan aka nuna wa malamin nan namu zai rantse tsohon gwani ne ya yi. Ya iya kama, ya ƙoshi da ita, ya ajiye. Shi da Georges Braque suka ce ido ba ya tsayawa wuri ɗaya, mutum yana zagaya abu ne kafin ya san shi, saboda haka suka farfasa siffa suka nuna gaba da gefe a fili guda. Wannan ne Kiyubizim, kuma shi ne dalilin ido biyun nan da aka yi wa dariya. Mai ganin wasa ne ya nemi Guernica, zanen da ya yi a 1937 bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin Guernica na ƙasar Sifaniya luguden bama-bamai. Faɗinsa ya kusa mita 8, babu launi a ciki sai baƙi da fari da toka-toka. Uwa ce a gefe ta ɗaga kai sama tana kururuwa da gawar jaririnta a hannu, doki a tsakiya ya wage baki, harshensa kamar tsinin mashi. Jikkunan a kakkarye suke domin bam haka yake barin jiki. Duk wanda ya taɓa isa kasuwa bayan tashin bam ba ya bukatar tafinta a gaban wannan zane.

A shekarar ta 1937 gwamnatin Hitler ta tara zane da sassaƙa fiye da 600 a Munich, ta rataye su a cunkushe da rubuce-rubucen izgili, ta kira su gurɓatacciyar fasaha. A jikin da yawa an rubuta kuɗin da aka saye su, don talaka ya gani ransa ya ɓaci. Ba ina haɗa kowa da 'yan Nazi ba ne, Allah ya kiyaye. Amma dabarar nuna wa mutum farashi don a hana shi kallon aikin ta daɗe, kuma ita ce ake yi mana da ayabar nan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ne mafi ƙarancin uzuri. A 1907 Picasso ya shiga gidan adana kayan al'adu na Trocadéro a Paris, ya ga fuskokin sassaƙa da aka kwaso daga ƙasashen da Turawa suka mallake, ciki har da na Afirka, kuma alamarsu ta fito ƙarara a zanensa na wannan shekara. Wassily Kandinsky da Kazimir Malevich da Piet Mondrian sun yi shekaru suna rubuce-rubuce don su gamsar da Turai cewa layi da launi kaɗai sun isa, ba sai an kwaikwayi siffar komai ba. Magininmu bai taɓa bukatar wannan muhawara ba. Je ka dubi bakan gizo da zanen cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ko fuskokin gidajen unguwar Birni a Damagaram. Dubi mai ɗinkin hannu a zaure, ya ɗora babbar riga a gwiwa yana fitar da aska takwas, zare bayan zare, wata da watanni. Wa ya taɓa tsayar da shi ya ce askar ba ta yi kama da ta wanzami ba? Mutum yana sanye da zanen da bai kwaikwayi komai ba a ƙirjinsa, da dagi a hularsa, amma yana yi wa Mondrian dariya saboda ya zana layuka da murabba'i. Wannan ba wayewa ba ce, rashin kallo ne.

Masu cewa kasuwar zane maɓoyar kuɗin haram ce su je su tuhumi dillalai, Van Gogh bai ga ko sisin miliyoyin da ake kira a kansa ba. Masu kare ayabar da dogon turanci kuwa ba su da abin faɗa mini, su ne suka sa mutane ke ganin duk harkar rainin hankali ce.

Ɗalibai a Zariya sun fahimci wannan tun 1958, lokacin da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka ce za su ɗauki dabarar Turai su haɗa da zanen gida. Yau kuwa yaro mai baiwa a garuruwanmu ba ya samun yabo sai ya kwafi fuskar gwamna da fensir har a ce kamar hoto, ya ɓata mako uku a kan abin da waya ke yi cikin ƙiftawar ido. Malaman zane a sakandare su riƙa nuna wa yara Monet da Guernica ko a allon waya ne, su kai su gaban bangon Gidan Makama su zauna su kalla. Gidajen talabijin ɗinmu ma ba za su rasa minti goma a mako ba.