Ranar da na kunna wa Malam guguwa a kan tire

Har yanzu ramin da wuta ta yi yana hannun rigar Malam, kuma duk sanda ya ɗaga hannu zai yi rubutu a allo, ni yake kallo.

A gurguje dai: gwajin saurin wutar daji na shirya a kan tire. Tire ne na ƙarfe, tsawonsa mita 2, faɗinsa santimita 30. Na yanko gamba, na sa kaɗan a tanda mai zafin digiri 105 har awa 24 don in san danshinta, sannan na shimfiɗa giram 300, wato rabin kilo a kowane murabba'in mita. Na ɗaura zare a gicciye duk bayan santimita 20, in wuta ta tsinke shi in danna agogo. Abin da nake son kwaikwayo shi ne wutar daji mai harshen mita 4, iska na gudun mita 6 a sakan. Sai na ce ai iska iska ce, na saita fanka har ma'aunin iska ya nuna 6.

Malam ya shigo da baƙinsa biyu. Na ƙyasta ashana, wuta ta kama, harshenta ya miƙe kamar santimita 25, gwanin sha'awa. Na kunna fanka.

Jama'a, wutar nan kwanciya ta yi ruf da ciki. Zare uku suka tsinke kusan tare, yatsana bai ko taɓa agogo ba. Sai gambar ta tashi sama da wutarta, ta nufi inda manya suke tsaye. Baƙo ɗaya ya yi tsallen da ban zaci mai tumbi irin nasa zai iya ba. Malam bai motsa ba. Ya dubi hannun rigarsa yana hayaƙi, ya murje wurin da yatsa biyu, ya miƙo mini alli.

"Ɗana, lambar Froude ɗinka nawa ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tana cikin littafi."

"To fito mana da ita."

Na tsaya gaban allo, ƙaurin gamba na tashi daga hulata. Lissafin ba wuya, abin haushin ke nan. Ka ninka saurin iska da kansa, ka raba da ƙarfin jan ƙasa, 9.8, sau tsawon harshen wuta. Na daji: 36 a raba da 39.2, ya ba ka 0.9 da ɗoriya. Na tirena: 36 a raba da 2.45, kusan 15. Na rubuta 15 ɗin ƙarama a kusurwa. Malam ya ce in ƙara mata girma, baƙi ba sa gani.

Ma'anar lambar Froude ita ce, wuta tana ƙoƙarin miƙewa sama saboda zafi, iska tana ƙoƙarin kwantar da ita, kuma wannan kokawar ce dole ta zo daidai a tire da daji. Na rage tsawo sau 16, don haka sai in rage iska sau 4, ta dawo mita 1.5 a sakan. Mita 6 a kan tirena daidai take da mita 24 a daji, sama da kilomita 86 a awa. Malam ya juya ga baƙi ya ce, "Guguwa ya shirya mana, bai dai aiko da katin gayyata ba."

Na ɗauka an gama. Ina! Ya ce in goge, a ɗauka na gyara iskar. Karan gambar fa, shi ma na rage kaurinsa sau 16? Na ce a'a. Lambar Reynolds fa? Ta faɗi sau 64, ma'ana hargitsin iskar tire ba irin na daji ba ne, kuma ba za ka daidaita ta tare da Froude a iska ɗaya ba. Hucin wuta fa? Siririn harshe ba ya jefa huci gaba kamar katangar wuta mai kauri. Faɗin fa? A santimita 30 iska mai sanyi na kutsowa ta gefe biyu, gaban wutar ya lanƙwashe, ta rage gudu. Ya ce a Annaburroo ta arewacin Ostareliya, a 1986, filaye sukutum aka riƙa ƙonawa, aka ga saurin wutar ciyawa na ƙaruwa da faɗin gabanta. Ya ce ko lissafin saurin yaɗuwar wuta na Rothermel na 1972, da ya fito daga ɗakin gwajin Missoula a Amurka, sai an gwada shi da wutar fili ana gyara masa zama. Duk amsar da na bayar sai ya ce, "Rubuta."

Amma wallahi ba Malam ne ya ƙona mini rai ba, mai fankar ne. Da daddare ya taya ni saita ta, ya ga 6 da idonsa, ya ce, "Mutumina, Allah ya ba da sa'a," da wani murmushi da sai yanzu na gane fassararsa. Shi ne fa bara na kwana ina auna masa ganye a tanda ya tafi kallon ƙwallo. Da gamba ta tashi, bokitin yashi na gefen ƙafarsa, amma waya ya zaro. Bidiyon sakan 11 ne, ya sa masa kiɗa. Kuma har yau bai biya ni kuɗin batirin ma'aunin iska ba.

Na sake gwajin ranar Talata da mita 1.5, na kafa kwano a gefe biyu na tare iska. Wuta ta tafi a hankali, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa a ɗakin sai baba mai shara, shi ma tambayarsa ita ce wa zai kwashe tokar.