Dam ɗinka ne, amma ruwan kan wa zai sauka?

Jama'a, akwai maganar da ke ci min tuwo a ƙwarya: "Ai filina ne, da kuɗina na tare ruwan." Wannan ce amsar mai ƙaramin dam na shaƙatawa duk lokacin da aka tambaye shi lafiyar bangon. Ni ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Ku ji abin da ya faru a jihar Pensilbaniya ta Amurka a 1889. Wasu hamshaƙan attajirai, cikinsu har da Andrew Carnegie da Henry Clay Frick, suna da ƙungiyar farauta da kamun kifi wadda ta mallaki tsohuwar madatsar South Fork, bangon ƙasa ne zalla. Sai aka zabge saman bangon don ya yi faɗin da keken doki zai ratsa. Aka kuma kafa raga a bakin mafitar rarar ruwa, wai kada kifinsu ya gudu. Bututan rage ruwa kuwa tun kafin su saya aka cire, ba su mayar ba. Ranar 31 ga Mayu, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tarkace ya toshe ragar nan, ruwa ya haura bango ya yi gaba da shi. Garin Johnstown na can ƙasa, tazarar mil 14. Mutum 2,209 suka rasu. Saboda kifi fa! Kuma babu kotun da ta sa ƙungiyar ta biya diyya.

Kada a ce zancen da ne. A Maris 2006 madatsar Ka Loko a Hawai ta ɓalle ta ci rai bakwai. An tuhumi mai ita da cike mafitar ruwan da ƙasa, wata bakwai kacal aka yanke masa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, bangon ƙasa yakan yi gargaɗi kafin ya tafi. Ka zagaya bayansa da damina. In ka ga wuri ya jiƙe, ciyawa ta yi kore shar fiye da ta kewaye, ruwa na tsattsafowa. In ruwan nan garau yake, a sa masa ido. In ya fito ja da laka, to cikin bangon yake kwashewa, ba a kwana. Bishiyar da aka bari a kai don inuwa, ranar da ta mutu saiwarta ta ruɓe, hanya ta buɗe wa ruwa. Haka ramin gafiya. Mai dam yana zuwa ranar hutu ya kalli ruwa ta gaba, wa zai leƙa masa baya?

Mu da muka ga yadda madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumba 2024 ba ma bukatar dogon bayani, kuma wannan ma ta gwamnati ce mai injiniyoyi. Ina ga wadda wani ya tare a gidan gonarsa ba rajista?

Ban ce a hana kowa tare ruwa ba. Amma a rubuta sunan mai shi a wurin hukuma, ta yadda in an sayar da fili, alhakin ya bi sabon mai shi. Injiniya ya duba kafin kowace damina, mai dam ya biya. Kuma mai unguwar da ke ƙasa ya sami ikon shiga ya ga mafitar da idonsa, da lambar wayar da zai kira da tsakar dare in ruwa ya fara haurowa.