Tambayar da aka yi wa Ummi a gabana

Wata Talata da yamma aka kira mu makarantar su Ummi, ni da ita, don a faɗa mana sakamakon wani gwaji da aka yi wa 'yan aji takwas. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kama sunan, Ummi nake ce mata. Shekararta 14, kuma a nan Kolon, a ƙasar Jamus, aka haife ta. Muka shiga wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru uku, muka tarar da wata Bajamushiya da fayil a gabanta. Bayan gaisuwa ta tambayi abin da muke tunani game da gaban yarinyar. Ban tsaya jira ba, na ce, "Likita za ta zama, in Allah Ya yarda." Matar ta gyaɗa kai ta ce ta ji, sannan ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Ummi, ta ce, "To ke fa, me kike so?"

Raina ya sosu. A gidan da na tashi, in uba ya yi magana ta zauna, babu baƙon da zai tsallake shi ya nemi jin ta bakin 'yarsa a gaban idonsa. Na ji kamar an ce mini ban isa da ita ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ummi tana da amsa a shirye. Ta sunkuyar da kai, ta ce tana son koyon haɗa ƙafar roba da hannun roba, irin waɗanda ake sa wa wanda aka yanke wa gaɓa, da ƙarafunan da ke tallafe ƙafar da ta shanye. Shekara 14 muna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ban taɓa jin wannan magana ba, domin ban taɓa tambaya ba.

Jiharmu, Nordrhein-Westfalen, wadda Kolon da Bonn suke cikinta, tana da wani tsari da suke kira "Kein Abschluss ohne Anschluss", wato kada yaro ya gama makaranta bai san inda zai sa ƙafa ba. Gwajin da aka yi wa su Ummi, Potenzialanalyse, shi ne matakin farko a lokacin. Kwashe 'yan ajin aka yi aka kai su wata cibiya a wajen makaranta suka wuni. Babu maki, babu faɗuwa. Aka raba su rukuni-rukuni, aka ba su takardu da gam da almakashi aka ce su gina gada da za ta ɗauki nauyi. Wasu manya na zaune gefe da biro suna lura: wa ke jan ragama, wa ke sauraro, wa ke fushi in ginin ya rushe, wa ke sake ɗauka ya fara daga tushe, wa hannunsa ya faɗa da aikin ƙanƙani. Kowane yaro kuma ya cike takarda ya auna kansa da kansa, ya faɗi inda yake ganin ya iya da inda yake ganin bai iya ba. A zaman da aka kira mu, takardun biyu aka ajiye gefe da gefe, abin da yarinya ta ce game da kanta da abin da masu lura suka gani. Ummi ta rubuta cewa ba ta iya magana cikin mutane ba. Su kuwa suka rubuta cewa ita ce ta sasanta rukuninsu da gardama ta kaure. A kan aikin hannu kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Daga nan yaro zai yi kwana uku yana leƙa wuraren aiki daban-daban. A aji tara, wasu makarantun aji goma, sai Praktikum, sati biyu zuwa uku yana zuwa wurin aiki na gaske maimakon aji. Shi zai nemi wurin, shi zai rubuta takardar nema, shi zai buga waya. Za ka shiga gidan burodi ko garejin mota ko gidan kula da tsofaffi ka ga ɗan shekara 15 da rigar aiki yana koyo, malaminsa na makaranta ya zo ya duba shi. Duk abin da ya gani yana tarawa a wani fayil da ake kira Berufswahlpass. Hukumar samar da aiki ta tarayya ma tana da gwaji kyauta a intanet mai suna Check-U, wanda ke auna basira da sha'awa ya nuna wa yaro sana'o'i da fannonin karatun da suka yi kusa da halinsa. Daren da muka dawo na kasa barci, na zauna ina karanta asalin waɗannan abubuwa. Na ga da yawa daga gwaje-gwajen sha'awa suna komawa ne ga aikin wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Holland, wanda ya kasa sha'awar mutane gida shida: masu aikin hannu, masu bincike, masu fasaha, masu hidimar jama'a, masu ciniki da jan ragama, da masu son tsari da lissafi. Ina karantawa ina neman gidana a ciki, kuma ban sha wuyar samunsa ba.

Tambayar da aka yi wa Ummi tana da nauyi a nan ne saboda kowace amsa tana da hanya shimfiɗaɗɗiya. Akwai sana'o'i fiye da 300 da gwamnati ta amince da su a tsarin Ausbildung, inda matashi ke raba mako tsakanin wurin aiki da makarantar sana'a na shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa albashi tun daga watan farko. Wadda Ummi ke so shekara uku ce. In ta gama za ta iya ci gaba har ta zama Meister, wato ƙwararriya mai shaidar ubangidan sana'a, ta buɗe wurinta ta ɗauki nata yaran, kuma wannan shaida tana buɗe mata ƙofar jami'a in ta ga dama. Likitancin da nake kira kuwa, wanda zai shiga da sakamakon Abitur kaɗai, wato jarrabawar gama sakandare mai kai wa jami'a, sai ya kai 1,0 ko dab da shi, don a nan 1 ne mafi kyau. Na san wannan tun kafin in buɗe baki a ɗakin, amma na faɗa, domin abin da aka faɗa a kaina ke nan.

Ina ɗan shekara 12 a Gwammaja akwai wani mai gyaran rediyo a bakin layinmu. In na taso makaranta can nake zarcewa, in riƙe masa waya yana narka dalma, har ya fara bar mini ƙananan gyare-gyare. Ranar da Baba, Allah Ya jiƙansa, ya gan ni a rumfar, ya ce ba don in zama ɗan gyaran rediyo yake biyan kuɗin makaranta ba. Shi ke nan. Da muka shiga SS1 aka karanta suna aka ce kai ajin kimiyya, ba wanda ya tambaye mu, su kuma waɗanda aka tura sauran azuzuwan aka riƙa yi musu kallon waɗanda suka gaza. Na cike likitanci a JAMB, makina bai kai ba, jami'ar da na nema ta ba ni ilimin tsirrai, aka ce in karɓa, gurbi ba ya samuwa kullum. Na yi shekara huɗu, yajin aiki ya mai da su kusan shida, na yi bautar ƙasa, ban taɓa cin ko sisi da wannan takarda ba. Sai da na kai shekara 38, a ƙasar wasu, cikin harshen wasu, na sake zama ɗalibi na koyi aikin lantarki, wanda da shi nake ciyar da iyalina yau. Shekara 26 tsakanin rumfar nan da ranar da na sake riƙe ƙarfen dalma a matsayin sana'a.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Kowa ya san wani a danginsu da ya rubuta jarrabawa sau uku yana bin likitanci, ko wadda ta karanta abin da aka ba ta ta rataye takardar a bango. Muna asarar mutane da yawa ta wannan hanya, kuma ba ma lissafa ta a matsayin asara, sai mu ce haka Allah Ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta hana uba ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi ba.

Ba na cewa na Jamusawa ba shi da aibu. Tun yaro yana ɗan shekara goma, a ƙarshen aji huɗu, ake raba hanya tsakanin Gymnasium, sakandaren da ke shirya yara zuwa jami'a, da sauran makarantu, kuma wannan ya yi wuri ƙwarai. Na zauna da iyaye 'yan Afirka da Turkawa da ke ganin an yi saurin nuna wa 'ya'yansu hanyar sana'a alhali suna da ƙwaƙwalwar jami'a, shi ya sa ma na shiga ɗakin nan da shirin faɗa. Yarinya 'yar 14 kuma abin da take so yau ba lallai ne ta so shi baɗi ba. Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin tsarin da ke tambaya ya yi kuskure wani lokaci da wanda ba ya tambaya sam, na san wanda zan ɗauka.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne a ce iyayenmu mugunta suka yi mana. Wani abokin aikina Bajamushe da na ba shi labarin rumfar ya ce abin tausayi ne, uba ya danne ɗansa haka. Na ji zafin maganar fiye da ta matar makaranta. Shi bai san Baba ba. Bai san mutum mai 'ya'ya goma sha ɗaya da ba shi da fansho ba, ba shi da inshorar lafiya, wanda in ya ce "likita" yana nufin a samu mutum ɗaya a zuri'a da za a kira da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Ɗan Bajamushe yana iya bin son ransa domin jami'ar gwamnati ba ta karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da ake biya kowane zango, akwai tallafin BAföG da gwamnati ke ba ɗalibai, kakarsa kuma ba shi take jira ya saya mata magani ba. Takardar da Ummi ta cike ta tambaye ta abin da take so da abin da ta iya. Babu layin da ya ce su wa ke jiranki. A wurinmu wannan layin shi ne na farko. Mu ma muna da namu ma'aunin tun kafin boko: ɗan kasuwar Kwari yana lura da yaron shagonsa shekara da shekaru kafin ya sallame shi da jari, maƙeri ya san ɗan da zai gaje shi tun yana zuga. Boko ne ya zo ya raba mu da wannan idon, bai ba mu wani a madadinsa ba, sai sunaye uku, likita, injiniya, lauya.

A hanyar komawa gida, cikin jirgin ƙasa, na karɓi fayil ɗin ina dubawa. Akwai shafin da aka ce ta rubuta yadda take hango kanta nan da shekara goma. Ta rubuta ɗan gida mai baranda a Kolon ko Hambug, da wurin aiki da za ta riƙa zuwa a keke. Na karanta sau biyu ina neman Kano ban gani ba. Sai na shiga ba ta labarin Asibitin Ƙashi na Dala, wanda na tashi ina wucewa ta ƙofarsa, da masu hatsarin babur da ake kawowa daga garuruwa masu nisa, da waɗanda shan inna ya nakasa suna tura kekensu da hannu a titunan gari, da mutanen Borno da rikici ya raba da gaɓoɓinsu. Na ce mata, "Ummi, hannun nan naki can ake bukatarsa." Na yi maganar da Hausa. Ta saurara har na gama, ta amsa da Jamusanci cikin ladabi, ta ce, "Abba, ai hutu muke zuwa Kano."

Ban ce komai ba har muka sauka. Ni ne na goyi bayan a tambayi yaro abin da yake so, ga shi an tambaye ta, ta faɗa, kuma garin da aka binne Baba ba ya ciki. Sau huɗu aka kai ta gida tun da aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma mayarwa sai da ƙyar. Da wane ido za ta hango kanta a Dala?

Ta samu wani shagon haɗa ƙafar roba a unguwar Ehrenfeld da ya yarda zai karɓe ta Praktikum baɗi, ita ta buga musu waya da kanta, ni kuma na sa hannu a takardar. Ranar Juma'a Hajiya ta kira ta bidiyo kamar kullum, ta ce a ba ta takwararta, na ji tana cewa, "Ina likitarmu? Yaushe za ki zo ki duba mini gwiwar nan?" Ummi ta dube ni, ni kuma na tashi na shiga kicin na ɗora ruwan shayi.