Shadda a gonar inabi

Ɗan ɗakinmu a Sitrasbur ta ƙasar Faransa ne ya zo da maganar. Wai mu fita shan iska ranar Asabar a hanyar gonakin inabi ta yankin Alzas, wadda aka buɗe tun 1953, mai tsawon kusan kilomita 170 daga Marlenhaim zuwa Tan. Ya ce mu ɗan yanki kaɗan za mu taka, daga Ribobile mu bi ta Hunawir mu sauka Rikwir. Da na ji shan iska, sai na ɗauko shaddata mai sitaci, na kafa hula, na zura takalmin fata na sallah.

Manoman Alzas kuwa a jikin tsaunukan Boj suke dasa inabinsu, don ya sha ranar hantsi. Kunya-kunya ne a miƙe, kowace da wayarta, tsakaninsu tsakuwa mai santsi. Hanyoyin ƙafa an yi musu alamu da fenti a jikin itatuwa da duwatsu, aikin wata ƙungiyar masu hawan tsauni da ke yi tun 1872: ja mai kusurwa huɗu, shuɗin giciye, zobe ruwan ɗorawa. Mutumina ya ce ya haddace su tas. Haddar tasa ce ta kai mu sama, har kangon fadar Sant Ulrik, ɗaya daga tsofaffin fadodi uku da ke leƙen Ribobile. Rikwir na can gefe guda tana jiranmu.

A wannan hawan wata tsohuwa, sa'ar kakata, ta zo da sanduna biyu ta wuce mu fiu. Ta waiwayo ta dubi shaddar, ta tambaya da Faransanci ko ɗaurin aure ake yi a sama. Numfashin amsawa ma ban da shi.

Saukowa ta fi hawan wuya. Takalmin ya zame, na gangara da mazaunai, ƙasan rigar ya kama waya ya ce ƙyat. Ga inabi nan ya nuna, Satumba ce, ƙishi kamar ya kashe ni, amma kayan mutane ne, ba a tsinka. A Hunawir wata shamuwa a kan rufi ta yi ta kaɗa mini baki. Danginta har Sahel suke zuwa cin rani, ai ko don maƙwabtaka ta tausaya.

La'asar sakaliya muka isa Rikwir. Wani mai gona ya gan mu wujiga-wujiga, ya ja mu ɗakin ƙasa mai sanyi, ya fara jero sunayen giyar inabi: Riesling, Gewurztraminer. Na ce masa ba ma sha. Bai ɓata rai ba, ya kawo ruwan inabi zalla. Sai da na sa shi ya rantse bai kwana a ganga ba, sannan na ɗaga. Mutumina ya ɗauki hoto, ya tura zauren WhatsApp na gidanmu: ni da yagaggiyar riga, hula a karkace, ido ja, kofi a hannu, ganguna jere a bayana.

Kafin mu kai tashar mota Hajiya ta kira.

"Karatun ke nan?"

"Wallahi Hajiya ruwan 'ya'yan itace ne."

"To shi ruwan ne ya kayar da kai? Riƙe, ga kawunka."